Ciwon Mutum Ɗaya, Jinyar Gida Duka: Tarihin Zaman Iyali Daga Palo Alto Zuwa Adar

A asibitocin Madawa da Buza da Keita, da wuya mai taɓin hankali ya zo shi kaɗai. Uwa na riƙe da hannunsa, wansa ko kawunsa na riƙe da kuɗin magani, gwaggo na biye da tabarma da ƙwaryar fura. Kafin ya faɗi sunansa mutum uku sun amsa a madadinsa. Sabon ma'aikacin da ya fito daga makaranta a Yamai ko Damagaram yakan ce kowa ya fita a bar shi da mai ciwo. Mu da muka kwana biyu a wannan aiki, kujeru muke sa a ƙaro. Ƙaro kujerun nan fanni ne mai zaman kansa a aikin lafiyar ƙwaƙwalwa: a zaunar da iyali, a dubi yadda suke cuɗanya, a nemi sauƙi ta nan. Fannin ya kai shekara saba'in, yana da malamansa da mazhabobinsa, ya kuma tafka kura-kuran da ya kamata mu sani kafin mu shiga da shi gidajen Adarawa.

Zamanin da ake barin dangi a bakin ƙofa

A farkon ƙarni na ashirin tafarkin Sigmund Freud ne ya mamaye Turai da Amurka. Mara lafiya ya kishingiɗa, ya yi ta faɗin abin da ke zuciyarsa, likita na saurare. Dangi kuwa ana ɗaukarsu masu dagula aiki ne, likitan kirki ba ya ko son ganinsu. Idan an tuna da su, to laifi za a ɗora musu. A 1948 wata likita, Frieda Fromm-Reichmann, ta yaɗa ra'ayin cewa akwai irin uwar da halinta ke jawo wa ɗanta sikizofireniya, wato taɓin hankali mai tsanani da ke sa mutum jin muryoyi da zargin kowa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wasu likitoci suka fara lura da abin da duk majo na ƙauye ya sani. Mutum ya samu sauƙi a asibiti, ya koma gida, ciwo ya dawo. Wani lokaci kuma shi ya warke, sai matarsa ko ƙaninsa ya kwanta. Don Jackson, likita a Palo Alto ta jihar Kalifoniya, ya ce gida yana da wani daidaito da yake karewa, ko da daidaiton nan yana buƙatar wani ya zauna cikin ciwo.

A garin ne kuma Gregory Bateson, Baturen Ingila masanin al'adu da ya yi bincike a tsibirin Bali da Niyu Gini, ya kafa ƙungiyar nazari a 1952, tare da Jay Haley da John Weakland, Jackson ya shigo daga baya. Bateson ya zauna da masana lissafi da injuna masu nazarin yadda na'ura ke gyara kanta da sakamakon aikinta, ya ce haka mutane suke. A 1956 suka fitar da maƙalar da ta yi suna a kan ɗaurin saƙo biyu: baki ya ce zo, jiki ya ce tafi, kuma ba dama ka yi magana a kan saɓanin, ba dama ka gudu. Misalin da suka bayar shi ne na wani saurayi da uwarsa ta ziyarta a asibiti. Ya dafa kafaɗarta, ta sandare. Ya janye hannu, ta zarge shi da daina sonta. Bincike bai tabbatar da cewa wannan ke haddasa sikizofireniya ba. Abin da ya rage daga aikinsu shi ne sabuwar tambaya. Maimakon a ce wa ya fara, sai a ce yaya abin ke zagayawa. Miji ya ce yana daɗewa a majalisa ne saboda mitar matarsa, mata ta ce tana mita ne saboda daɗewarsa, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa.

A 1959 Jackson ya buɗe cibiyar MRI a Palo Alto, Virginia Satir tana cikin na farko. A 1960 Nathan Ackerman ya buɗe tasa a Niyu Yok, a 1962 kuma su biyun suka kafa mujallar Family Process, Haley ne editanta na farko.

Bowen da Minuchin

Cikin malaman fannin, biyu ne muka fi amfana da su a nan. Murray Bowen, wanda aka haifa a 1913 a wani ƙaramin gari na jihar Tenesi, ya yi abin da ba a saba ba tsakanin 1954 da 1959 a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka: ya kwantar da mara lafiya tare da uwarsa, daga baya har da uba da 'yan'uwa, ana kallon zamansu wata da watanni. Daga nan ya koma Jami'ar Georgetown har rasuwarsa a 1990.

Bowen ya ce zaman mutum biyu ba ya jure zafi. Da zarar ya yi tsami sai a jawo na uku. Tukunya ba ta zama a kan duwatsu biyu, sai an kawo na uku, kuma shi ma wuta ce rabonsa. Na ukun nan yakan zama yaro, ko uwar miji, ko kishiya, ko ma likitan kansa idan bai yi hattara ba. Ya ce kuma lafiyar mutum tana ga iya tsayawa a kan ra'ayinsa ba tare da ya yanke zumunci ba. Wanda ya narke cikin dangi har ba shi da ta cewa, da wanda ya tafi bida ya shekara goma ba aike ba sallahu, a wurin Bowen ciwonsu ɗaya, domin dukansu gida ne ke juya su. Ya nuna yadda irin wannan ke gangarowa daga kaka zuwa jika, shi ya sa almajiransa ke zana taswirar dangi ta zuriya uku, wadda Monica McGoldrick da Randy Gerson suka daidaita ƙa'idojinta a littafinsu na 1985. A wani taro na 1967 Bowen ya ajiye takardar da ake jira ya karanta, ya ba da labarin yadda ya warware ƙulle-ƙullen gidansu. Tun daga nan ya zama al'ada ɗalibin fannin ya fara zana nasa dangin kafin ya taɓa na wani.

Salvador Minuchin, ɗan Ajantina da aka haifa a 1921, ya fara ne da yaran talakawa masu laifi a makarantar Wiltwyck ta jihar Niyu Yok. Ya ga dogon zance a kan ƙuruciya ba ya amfanar iyalin da ke fama da kuɗin haya. Sai ya koma kallon ginin gida: wa ke da iko, wa ya haɗa kai da wa, ina iyaka tsakanin manya da yara. Yakan tashi ya sauya wa mutane kujeru, ya ɗauke yaron da ya zauna tsakanin iyayensa, ya ce su yi maganar a gabansa yanzu. Abokan aiki na kallo ta bayan madubin da ake gani ta gefe ɗaya. Daga 1965 ya shugabanci asibitin yara na Filadelfiya, inda shi da Haley da Braulio Montalvo suka horar da mutanen unguwa marasa digiri su zama masu zaman iyali.

Daga Italiya, ƙungiyar Mara Selvini Palazzoli a Milan ta kawo tambayar zagaye, wadda suka bayyana a 1980: ka tambayi mutum na uku a kan zaman mutum biyu. Daga Ivan Boszormenyi-Nagy, ɗan Hangari, muka samu ra'ayin cewa kowane gida yana da littafin bashi da ba a rubuta ba, na wanda ya sadaukar da wanda aka ci haƙƙinsa. A ƙasashen da ke aiki da Faransanci, Mony Elkaïm, haifaffen Marrakesh da ya zauna a Beljiyam, yana cikin waɗanda suka fi yaɗa fannin.

Gyaran da aka yi wa fannin

Malaman farko sun ce ba sa neman mai laifi, amma iyaye da yawa sun fita daga ɗakunansu suna jin su aka kama. A 1979 iyayen masu taɓin hankali a Amurka suka kafa ƙungiyar NAMI, kuma ƙin wannan zargi yana cikin abin da ya haɗa su. A 1978 Rachel Hare-Mustin ta yi suka cewa fannin yana magana kamar miji da mata ƙarfinsu ɗaya. Idan ana duka a gida, cewa kowa na da nasa kason zalunci ne a kan wadda ake duka.

Gyara mafi ƙarfi daga Landan ya zo. George Brown da abokansa, sannan Christine Vaughn da Julian Leff a 1976, sun bi masu sikizofireniya bayan sallama. A gidajen da ake yawan suka da tsangwama, ko ɗoki da shisshigin da ba ya barin mutum ya numfasa, kashi 51 cikin ɗari ciwonsu ya tashi cikin wata tara. A gidajen da ke da sanyin hali, kashi 13. Ma'anar ita ce, dangi ba su ne suka kawo ciwon ba, amma zamansu na iya tayar da shi ko kwantar da shi. Daga nan aka koma koya wa iyali mene ne ciwon, me magani ke yi, da yadda za a rage hayaniya. Wannan reshe shi ya fi samun shaidar bincike, shi ne kuma muka fi aiki da shi.

Afirka ba ta jira Palo Alto ba. A 1954, shekarar da Bowen ya fara gwajinsa, Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin Aro kusa da Abekuta: marasa lafiya suna zaune a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowanne da ɗan'uwansa mai jinya, ana kuma aiki da masu maganin gargajiya. A Dakar, Henri Collomb ya karɓi sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Fann a 1959, inda aka mayar da mai jinya wani ɓangare na magani, ana kuma taron fili na marasa lafiya da dangi da ma'aikata. Mai jinyar da ke shimfiɗa tabarma a gindin gado a Pavillon E, sashen ƙwaƙwalwa na babban asibitin Yamai, ko a Tawa, cikin wannan tarihi yake.

Gidan Adar a kan takarda

Taswirar dangi tana da sauƙin zane: ɗan akwati namiji, zobe mace, layi a tsakani aure, karan tsaye biyu a kan layin saki, gicciye a kan wanda ya rasu. An tsara ta ne don miji ɗaya da mata ɗaya da 'ya'ya biyu ko uku. A Buza takarda ɗaya ba ta isa. Maigida yana da uwargida da amarya da wadda ta fita ta bar 'ya'ya. Akwai 'yan ɗaki da 'yan uba, akwai yarinyar da aka ba gwaggo riƙo tun yaye, akwai ɗan fari da uwarsa ba ta kiran sunansa don kunya, akwai ƙannen da ke noma a gandu suna jiran ranar rabo. Nakan juya takardar a kwance, in ba dattijuwar gidan dama ta yi ta gyara mini. Sau da yawa a nan ake fara jin abin da ba a faɗa ba. Ka tambayi shekarar da wani ya rasu, sai a ce ai daminar ce yaron ya daina barci.

Sannan akwai wanda ba ya nan. Adar, Dutsi da Majiya ƙasar 'yan bida ce: da an gama girbi, maza sun nufi Abijan, Libiya, Aljeriya, Kamaru ko Nijeriya. Lokacin da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, mata ne suka fi yawa a wurin ɗaukar dutse da haƙa, ana biyansu da abinci, domin mazan suna ci-rani. Yau mijin da ke nesa yana cikin gida ta wayar salula da saƙon murya na WhatsApp da kuɗin da yake aikowa. Wanda aka aiko kuɗin da sunansa shi ke da gida.

Ga irin abin da muke gani. An kawo wata matashiya daga wani ƙauye na Majiya, tana faɗuwa tana sandarewa. An yi rubutu, an yi ruƙiyya, an yi turare. Mun fara da abin da ya wajaba: muka duba farfaɗiya, zazzaɓin sauro da ƙarancin jini, ba mu sami abin da ya bayyana faɗuwar ba. Mijinta yana Libiya shekara ta biyu, tana zaune da uwarsa. Ita ba za ta buɗe baki a gaban suruka ba, don haka na juya ga ƙanwar mijin.

"Idan ta faɗi, wa ke fara zuwa kanta?"

"Inna."

"Daga nan fa?"

"Sai a kira Yaya a waya."

"In ba ta faɗi ba, da wa yake magana idan ya kira?"

Yarinyar ta dubi uwarta. Tsohuwar ta gyara lulluɓi ta ce, "Likita, da ni yake yi. Ni na haife shi, ni yake aiko wa. In ya so jin lafiyarta, ai ina faɗa masa."

Na ce, "Inna, ke kika riƙe gidan nan shekara biyu, ba wanda ya san nauyinsa kamarki. A ganinki, in yaron nan ya riƙa kiranta ranar Juma'a ko lafiyarta ƙalau, me zai ragu a wuyanki?"

Ta yi shiru, sannan ta ce aƙalla za ta huta da kai ƙorafi. Ashe kowace cikinsu tana kai masa kuka, shi kuma yana ce wa kowace ta yi haƙuri, ba ya yanke komai. Ranar faɗuwa ce kaɗai ake jin muryarsa a ɗakin matarsa, ita ce kuma ranar da surukai biyun ke tausaya wa juna. Ba mu ce tana ƙarya ba, domin ba ƙarya take ba. Ba mu ce babu iska ba, domin ba mu zo jayayya da imanin gida ba. Mun sa an kira mijin a zama na gaba, wayar tana kan tebur. Aka amince zai riƙa kiranta a ranar da aka tsayar, zai ware mata kuɗin sabulu da na yaro, uwarsa ce kuma za ta sanar da wannan tsari a gida, don kada ya zama an ƙwace mata girma. Faɗuwar ta yi ta raguwa.

Sulhu da zaman iyali

Wani zai ce ai muna da wannan tun kaka da kakanni. Muna da yaji da biko, muna da zauren maigari da fadar sarki, dokar Nijar ma ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta rigingimun al'ada. Aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta umarci a naɗa mai sulhu daga dangin miji da wani daga dangin mata. Muna da kaka da taubashi, waɗanda wasa ya ba su lasisin faɗin abin da wani bai isa ya faɗa ba. Duk wannan jari ne, kuma ma'aikacin da ya raina shi ba zai ga iyalin a zama na biyu ba.

Bambancin yana ga tambaya. Sulhu yakan nemi mai laifi, ya ƙare da a yi haƙuri, kuma haƙurin a kan ƙarami yake sauka: amarya, ƙane, 'yar riƙo. An kashe wutar ranar, amma abin da ke hura ta yana nan. Zaman iyali yana bin sawun abin ne: in wannan ya yi kaza, wa ke motsawa, sannan me ke biyowa, wa ke samun sauƙi, wa ke ɗaukar kaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, aikinmu mu yi tambayar da za ta sa ya nuna wurin.

Dole kuma a rusuna wa tsarin gida. Daga maigida ake fara gaisuwa da neman izini. Ba a tilasta wa suruka ta yi magana a gaban uban mijinta. A gan ta daban, da wata gwaggo da ta yarda da ita. Maganar Bowen ta tsayawa da ƙafa, in aka faɗe ta da garaje, rashin biyayya za a ji. Mukan ce wa saurayi ya koyi faɗa wa mahaifinsa gaskiya cikin ladabi, maimakon ya ce to a zaure ya je ya haɗiye tramol a bayan gari.

Akwai inda zaman iyali ba shi ne farko ba. Mai farfaɗiya magani yake buƙata kullum. Wanda aka ɗaure da mari saboda yana jin muryoyi, allura da ƙwaya ne za su kwance shi, zama da dangi shi zai hana a mayar da shi. Matar da ake duka, tsaron ranta ake fara nema, ba a zaunar da ita gaban mai dukanta a ce in ɓera da sata daddawa ma da wari. Yunwa kuma ba ta jin tambaya. Sai dai ko a nan idon fannin yana da amfani. Tun bayan yunwar 2005, da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi aikin tamowa a Madawa da Buza, ma'aikata sun ga cewa uwar da ake yi wa faɗa don ta makara da kawo yaro sau da yawa ba ita ke da izinin fita ko kuɗin mota ba. Kaka ce da miji. Iyalan da rikicin 'yan bindiga ya koro daga yankin Sakkwato zuwa Bangi sun zo da wani sabon tsari: uban da ya rasa gona da garke, ɗan shekara goma sha biyar da ya zama mai ciyarwa.

Likitocin ƙwaƙwalwa na Nijar kaɗan ne, yawancinsu kuma suna Yamai. Waɗanda za su yi wannan aiki a Adar su ne majo na ƙananan asibitocin CSI, ungozoma, ma'aikatan jin daɗin jama'a, da limamai da masu gari da suka yarda su koyi yin tambaya kafin yanke hukunci. Abin da aka yi a Filadelfiya ya nuna ana iya horar da irinsu. Ba mu da madubi mai gefe ɗaya, amma mutum biyu na iya shiga zama, ɗaya na tambaya ɗaya na lura, su tattauna bayan an tashi. Abin da ya fi gaggawa shi ne mu riƙa rubuta abin da muke gani, da Hausa, ba tare da sunan kowa ba: yadda kishi da 'yan ubanci da riƙo da bida suke juya ciwo a gidajenmu. Littattafan fannin an rubuta su ne a kan gidajen Amurka da Italiya, kuma ɗalibin da za a turo Keita baɗi yana buƙatar wanda aka rubuta a kan gida mai ɗaki huɗu da miji a Abijan.